Shekarun Kaset: Yadda Kallo Ya Shiga Cikin Gida, 1990 zuwa 2000

Duk wanda ya ɗauki alƙalami da nufin rubuta tarihin nishaɗin Hausawa a ƙarnin da ya shige, idan ya iso kan shekaru goman nan da suka fara daga 1990, wajibi ne ya dakata ya yi nazari a tsanake, domin a cikinsu ne wani al'amari ya auku wanda ba a yi masa shela ba, ba a kuma kafa masa doka ba, amma ya sauya mai kallo da mai sauraro, ya sauya wanda ake yi wa waƙa da wanda yake biyan mawaƙi. Al'amarin nan kuwa shi ne shigar kallo cikin gida ta hanyar kaset na bidiyo, har ya isa ɗakin matar aure wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa taka ƙofar silima ba.

Kafin wannan zamani, mai son kallo sai ya bi ɗayan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce silima, wadda galibi Kwarori ne suka mallake ta, wadda kuma tun da aka buɗe silimar Rex a Kano cikin 1937 ba ta taɓa samun kyakkyawar shaida a bakin dattawa da malamai ba. Da gobara ta tashi a silimar El-Duniya cikin 1951, ta halaka mutum fiye da 300, mutane da yawa sun ɗauki wannan musiba a matsayin ishara daga Ubangiji, kuma daga nan sunan silima ya ƙara haɗuwa da na 'yan iska da mata masu zaman kansu. Duk da haka samari ba su fasa zuwa ba, musamman daren da ake nuna fim ɗin Indiya, har suka san 'yan wasan Bombay kamar 'yan unguwarsu, suka laƙaba musu sunaye na Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Hanya ta biyu ita ce talabijin na gwamnati, wanda ya fara aiki a Kaduna cikin 1962, ya yaɗu zuwa jihohi bayan kafa NTA a 1977, sa'an nan Kano ta samu tashar CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. A nan ne aka san Usman Baba Pategi da sunan Samanja Mazan Fama, aka san Ƙasimu Yero, da Karkuzu na Jos, da shirin Kuliya Manta Sabo. Gwanaye ne na haƙiƙa, kuma har yau ba a yi wanda ya fi su iya sarrafa harshe a gaban kyamara ba; amma wasanninsu na faɗakarwa ne da ban dariya, sha'anin kotu da bariki da kasuwa, watau duniyar maza, kuma hukuma ce take biya, ita ce take zaɓen abin da za a nuna da sa'ar da za a nuna shi.

Fim irin na silima da harshen Hausa kuwa, an yi shi, sai dai jifa-jifa. Adamu Halilu ya mayar da littafin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, kuma ɗan marubucin, Saddik Ɓalewa, ya fitar da Ƙasarmu Ce a 1991. Amma tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, darajar naira ta yi ta zubewa, sayen zaren fim da kai shi ƙasashen waje a wanke ya gagari kusan kowa, gidajen talabijin su ma kuɗin shirya wasanni ya ƙaranta a hannunsu. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na samari da suka saba kai hajarsu tashoshin nan sai suka wayi gari ba mai saye. Da ma akwatin bidiyo ya riga ya shiga gidajen masu hali tun zamanin arzikin man fetur, ana kallon fina-finan Indiya da na Sin da wa'azin malamai. Abin da ya rage kawai shi ne wani ya yi tunanin zuba labarin Hausa a cikin wannan kaset ya kai kasuwa.

Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi wannan tunani. A 1990 ta fitar da Turmin Danya, wanda marigayi Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari ya fito a ciki, kuma shi ne masana suka yi ittifaƙi a kansa cewa da shi sana'ar ta fara. Ya kamata a riƙa tunawa da cewa wannan ya riga Living in Bondage na Inyamurai, wanda ake lissafa farkon fim ɗin bidiyo na Kudu daga kansa, da shekara biyu. Gimbiya Fatima ya biyo baya a 1992, ya kuma tabbatar wa masu shakka cewa akwai riba a cikin lamarin.

Sai dai mai neman asalin ruhin waɗannan fina-finai ba a gidan talabijin zai same shi ba, a teburin mai sayar da littattafai zai same shi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, sakamakon ajujuwan yaƙi da jahilci da makarantun Islamiyya na matan aure, an samu dubban mata da 'yan mata masu iya karanta boko, waɗanda ba su da abin karantawa da ya shafi rayuwarsu. Samari da mata marubuta suka cike wannan gurbi da ƙananan littattafai da suke bugawa da kuɗin aljihunsu, waɗanda masu raina su suka kira adabin kasuwar Kano, su kuwa marubutan wata ƙungiyarsu suka raɗa mata suna Raina Kama. Ado Ahmad Gidan Dabino ya rubuta In Da So Da Ƙauna, labarin Sumayya 'yar mai kuɗi da Muhammad ɗan talaka, inda yarinyar ta gwammace ta faɗa rijiya da a aura mata wanda ba ta so. Littafin ya yi farin jinin da ba a saba gani ba, aka mayar da shi fim a 1994. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wadda ita kanta an yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi da mijinta Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara bayan ya auro wata mai zaman kanta, kuma shi ma ya zama fim a 1998. Haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Ahmed Funtuwa. Mai karatu ya dubi mas'alolin da ke cikin waɗannan labarai: auren tilas, kishi, saki ba bisa ƙa'ida ba, tauye haƙƙin ciyarwa da tufatarwa, zaluncin uwar miji. Babu ɗaya daga cikinsu da littattafan fiƙihu ba su yi bayaninsa ba a babin nikahi da ɗalaƙi da nafaƙa, kuma babu alƙalin da bai saurare su a zaurensa ba. Amma ba a taɓa jin su daga bakin wadda abin ya faɗa wa ba, a gaban jama'a, sai a wannan zamani. A ganina wannan shi ne babban alherin da shekarun nan suka kawo, kuma duk aibin da za a lissafa musu daga baya bai isa ya shafe shi ba.

Yadda cinikin yake tafiya shi ma abin lura ne, domin shi ya hukunta irin fim ɗin da za a yi. Mai shirya fim ba ya buga kaset da kansa. Yana kai uwar kaset wurin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, ya buga kwalaye masu hoton 'yan wasa ya sayar musu, su kuwa su sayi kaset marar komai su jera akwatunan bidiyo su yi ta kwafa, su sa a kwali su rarraba wa dillalai na Kaduna da Jos da Sakkwato, har Maradi da Damagaram da Yamai, har zangon Kumasi da Accra da garuruwan Kamaru. Ribar mai fim tana cikin adadin kwalin da ya sayar ne kurum. Saboda haka ɗan kasuwa, wanda ya san abin da aka aiko yara su saya ko su karɓo haya daga cikin gidaje, shi ne ya zama mai faɗa a ji, kuma a bayansa akwai wadda ta aiko yaron. Ta haka matan kulle, ba tare da sun fito ba, suka zama iyayen gidan wannan sana'a.

A nan ne maganar kiɗa ta shigo, kuma a nan ne zuciyata take rabuwa biyu. Makaɗin Hausa na asali yana da ubangida sananne: sarki, ko attajiri, ko manoma, ko mahauta, ko 'yan dambe, yana gadon kayan kiɗansa ko ya yi shekaru yana amshi a bayan wani kafin a ji muryarsa, kalangu da kotso da taushi da kukuma da gurmi kowanne da ma'abotansa da muhallinsa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya kai kiɗan fada matuƙa, ya rasu a 1991, daidai lokacin da sabuwar sana'ar take rarrafe. Masu fim kuwa, da yake da fim ɗin Indiya aka yaye su, sun ɗauka labarin soyayya ba ya cika sai saurayi da budurwa sun yi waƙa suna amsa wa juna, abin da babu shi a tsarin makaɗan gargajiya. Maimakon su ɗauki ƙungiyar makaɗa guda, da masu amshi da maroƙa, sai suka koma ga fiyano ƙirar Yamaha, wadda yaro ɗaya zai zauna a ɗakin ɗaukar sauti, irin na Iyan-Tama da Hamisu Lamiɗo ya kafa a Kano, ya fitar da amon ganga da sarewa da garaya daga cikinta cikin yini guda. Aka samu sababbin mawaƙa irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha, waɗanda ake jin muryarsu a bakin 'yan wasa ba a ganin fuskarsu, ba su kuma yabon kowa sai masoyi.

Shekarar 1999 ce ta raba gardama. A cikinta kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, wanda Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni, labarin yarima da yarinya mai hidima a gidan sarauta, Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Waƙarsa ta game ƙasa, ana jin ta a gidan biki da tashar mota da bakin 'yan talla, kuma daga ranar 'yan kasuwa suka daina karɓar fim ɗin da ba shi da waƙa da rawa. A cikin shekarar nan dai, ranar 18 ga Yuni, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Kano, aka kai shi Daura aka binne. Mutumin da ya shafe fiye da rabin ƙarni yana ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a, ba takarda ba gyara, ya bar duniya a lokacin da waƙa ta koma abin da ake rubutawa a ɗauka baiti-baiti a cikin ɗaki. Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge sun rayu bayansa suna sana'arsu, amma yaran da a da za su tashi su gaje su sun riga sun juya fuska wajen fiyano. Ba na cewa sababbin waƙoƙin ba su da daɗi, domin da ba su da shi da ba su kama zukata ba. Abin da nake baƙin ciki a kai shi ne zurfin Hausa, da habaici da zambo da kirari da sanin nasabar mutane da garuruwa, waɗanda makaɗan dauri suke ɗauke da su a ka, ba su samu hanyar ƙetarawa zuwa sabon gidan ba sai kaɗan.

A ƙarshen shekarun sana'ar ta yi ƙarfin da har ta haifi 'yan jaridarta. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ce ta fara kiran ta Kannywood a 1999, kafin a ji sunan Nollywood, kuma a watan Maris na wannan shekara Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. Gefe guda kuma Rabilu Musa Ibro da abokansa na wajen Wudil suna ta fitar da fina-finan barkwanci masu araha da ake kira camama, waɗanda 'yan birni suke yi wa kallon ƙauyanci, alhali su ne suka fi kusa da tsohon wasan talabijin, kuma su talakawan karkara suka fi saye. Fim ɗin Wasila ya fito a 2000 ya ƙara wa wutar soyayya itace.

Malamai ba su yi shiru ba, kuma zalunci ne a ce hujjarsu ba ta da tushe. Sun ce cakuɗuwar maza da mata baligai suna rawa ba ɗabi'ar Musulmi ba ce, ba kuma al'adar Bahaushe ba ce, kunya ita ce adon ɗiya mace, kuma abin da a da yake can bayan ganuwa a silima yanzu ga shi a tsakar gida gaban yara. Masu fim suka amsa da cewa su faɗakarwa suke yi, waƙa kuwa ita take sayar da kaset, in an cire ta faɗakarwar ba za ta isa ko'ina ba. Kowane ɓangare ya faɗi gaskiya gwargwado, ko da yake na lura masu sukar sun fi tsananta magana a kan rawar da ke cikin fim fiye da zaluncin aure da fim ɗin yake ba da labari, wanda shi ma munkari ne da shari'a ta hana. Da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, Kano ta bi sahu a 2000, muhawarar ta tashi daga mumbari ta koma ofishin hukuma. A watan Disamba na 2000 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta dakatar da shirya fina-finai da sayar da su a jihar, shugabannin masu fim suka yi ta kai da komo suna neman sulhu, har a watan Maris na 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, aka koma aiki bisa sharaɗin kowane fim sai ya bi ta hannunta kafin ya shiga kasuwa. Mas'alar da ta fi cin lokacinta tun daga farko ita ce ta rawa da waƙa tsakanin namiji da mace: hukuma tana so a rage, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai suna cewa masu saye ba su yarda ba.