Aikin tilas a yankin 'Yandoto

Aikin tilas shi ne duk aikin da aka sa mutum ya yi ba da son ransa ba, ta hanyar barazana ko tsarewa ko ɗaure shi da bashi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta kafa yarjejeniya a kansa a shekarar 1930, kuma a yau ana lissafa shi cikin abin da ake kira bautar zamani. A yankin 'Yandoto, wanda ke ƙaramar hukumar Tsafe a Jihar Zamfara, an fi ganin sa a gonakin da 'yan bindiga suka mamaye. Amfanin irin wannan aiki kan shiga kasuwa ya gauraya da sauran kaya, har mai saye ya kasa gane asalinsa.

Ma'anar kalmomi

Hausa ta bambance ire-iren aiki. Ƙwadago aiki ne na lada, an yi ciniki an shirya. Gayya kuwa taimakon juna ce, mai gona ya gayyaci jama'a ya ciyar da su, wata rana shi ma ya je ta wani. Abin da ya raba waɗannan da aikin tilas shi ne ikon cewa a'a. Taron mutane da fartanya a gona guda yana iya kama da gayya a idon mai wucewa, amma idan akwai bindiga a bakin gonar, ba gayya ba ce.

Tarihi

'Yandoto tsohon gari ne na malamai, wanda rundunar Muhammadu Bello ta ci a farkon jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A zamanin Daular Sakkwato, kamar kafin ta, bayi ne ke noma manyan gandayen sarakuna da attajirai. Akwai kuma tsarin murgu, inda bawa ke neman na kansa yana biyan ubangijinsa wani abu lokaci-lokaci.

Turawan Ingila sun yi shela a 1901 cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Su kansu Turawan ba su bar tilasta wa mutane aiki ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sun ɗebi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da Hausawa suka kira ɗiban gwamna.

Halin da ake ciki

Jaridu da gidajen rediyo sun sha kawo labarin ƙauyukan Tsafe da Maru da sauran sassan Zamfara inda 'yan bindiga ke aza wa manoma haraji kafin shuka ko girbi, ko su tattara mazan gari su yi musu noma da yankan hatsi ba tare da biya ba. Garin da ya ƙi yakan fuskanci hari ko satar mutane. Wani lokaci aikin yana zuwa da sunan sulhu, wato a yi wa ɗan bindiga noma don a bar gari ya zauna lafiya, kuma wannan ne ya sa yake da wuyar kai ƙara. A watan Yulin 2022 Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa Ado Aleru, ɗaya daga cikin jagororin 'yan bindigar yankin, Sarkin Fulani, da hujjar neman zaman lafiya. Gwamna Bello Matawalle ya dakatar da sarkin bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo baya.

Haƙar zinare ma na da nata matsalar, musamman sa yara aiki mai haɗari. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake daka duwatsun zinare a cikin gidaje.

Yadda kayan ke shiga kasuwa

Buhun masara ko gero ba ya ɗauke da sunan wanda ya noma shi. Daga gona zai bi ta hannun dillali zuwa kasuwar ƙauye, a loda shi a mota zuwa Gusau ko Funtuwa ko Dawanau ta Kano. Haka yake ga yashi da tsakuwa da duwatsun ado da 'yan kwangilar gini da masu ƙawata harabar gidaje ke saye: suna biyan direban tifa, ba su ga mai fasa dutsen ba, balle su san shekarunsa ko an biya shi. Matakan da kamfani zai iya ɗauka ba su da sarƙaƙiya: sanin wurin da aka ɗebo kayan, biyan lebura hannu da hannu maimakon ta hannun mai kawo su, da ƙin riƙe masa katin shaida ko albashi a matsayin jingina. Wahalar ita ce zuwa wurin a gani da ido, domin hanyoyin da yawa ba sa biyuwa.

Doka

Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya haramta bauta da aikin tilas. An kafa hukumar NAPTIP a 2003 don yaƙi da fataucin mutane, aka sabunta dokarta a 2015. A wannan shekarar Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta wa manyan kamfanoni bayyana matakan da suke ɗauka kan bauta a wajen masu kawo musu kaya. Ƙiyasin ILO na 2021 ya nuna mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya.

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019 saboda matsalar tsaro, sannan ta ɗage haramcin a watan Disambar 2024.