Labulen Keita da Filashin Malick

A shekarar 1948 Seydou Keita ya buɗe wurin ɗaukar hoto a tsakar gidansu da ke unguwar Bamako-Coura, lokacin Mali tana hannun Faransa. Gidan ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa mai zuwa Dakar, don haka matafiya da ma'aikata da matan gari suka riƙa yi masa layi. Kyamararsa babba ce, fim ɗinta mai santimita 13 da 18, ga tsada, shi ya sa yawanci ɗauka ɗaya yake yi wa mutum. In ɗauka ɗaya ce rabonka, dole ka shirya.

Shirin kuwa ba ƙarami ba ne. Da farko shimfiɗar gadonsa yake ratayawa a matsayin labule. Ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da babur Vespa, daga baya har da motarsa Peugeot 203, wanda ba shi da su ya ara na ɗan lokaci. Mace za ta zo ta ci ado, ya gyara mata zaman ɗankwali, ya karkata mata kafaɗa, ya baje hannunta a kan cinya don zobba su fito. Mu da muka taso da waya a hannu muna saurin kiran wannan ƙarya. Amma kafin Keita, hotunan mutanen yankin da suka fi yawo su ne katunan da Turawa irin su Edmond Fortier suke bugawa a Dakar suna sayarwa, inda ake nuna mata yadda mai saye a Turai yake son ganinsu. A tsakar gidan Keita, mai hoton ce ta biya kuɗi, ita ta zaɓi zanenta.

Mali ta samu 'yanci a 1960, kuma ba da jimawa ba gwamnati ta ɗauki Keita aikin hoto. A lokacin ne tauraron Malick Sidibe ya fara haskawa. Shi ƙaramar kyamara yake riƙewa mai filashi, ya hau keke ya bi wuraren rawar samari da dare, wani lokaci wuri huɗu ko biyar kafin asuba. Ya koma ya wanke, ya manna hotunan a takarda da lambobi, samari su zo su zaɓa. Hotonsa da ya fi shahara na 1963 ne: saurayi da 'yar'uwarsa suna rawa, kawunansu sun kusa haɗuwa, ita ba takalmi a ƙafarta. Haka Philippe Koudjina ya riƙa yi a wuraren shaƙatawa na Yamai.

Ana yawan cewa na Malick ne na gaskiya, tun da ba a shirya ba. Ba mu gamsu da wannan ba. Samarin nan sun san zai zo, sun ɗinka kaya dominsa, wasu ma ganin kyamara ne ke sa su ƙara kaimi a rawa. Shi kansa Malick yana da shago a unguwar Bagadadji, da labulensa mai ratsi-ratsi. Ko wayarmu ta yau, danna ɗaya takan ɗauki hotuna da dama ta haɗe su, ta gyara haske da fata tun kafin mu duba.

A 1991 aka baje wasu hotunan Keita a birnin New York, aka rubuta ba a san wanda ya ɗauka ba. André Magnin ya bi sawu har Bamako, ya same shi da dubban fina-finan nan a ajiye. Sunan Keita ya dawo masa kafin rasuwarsa a 2001, Malick kuma ya karɓi babbar lambar yabo a Venice a 2007. Matan da suka zauna gaban labulen nan kuwa, sun yi ado ne don bangon ɗakinsu ko don a aika wa dangi. Yanzu an faɗaɗa hotunansu ana sayarwa a Paris, yawancinsu babu suna a ƙasa, sai shekara.