Tsiraici a Faransa: Daga Neman Magani Zuwa Bikin Ƙarshen Shekara



A ranar 31 ga Disamba, kwana shida bayan Kirsimeti, ɗaruruwan mutane kan taru a gaɓar teku ta Cap d'Agde da ke kudancin Faransa, su faɗa cikin ruwan sanyi tsirara domin bankwana da shekara. Ina asalin wannan al'ada?

Da sunan magani ta faro. Wasu likitoci biyu, wa da ƙane, Gaston da André Durville, sun yi imanin cewa rana da iska na warkar da jikin da zaman birni ya raunana, sai suka kafa ƙauyen Héliopolis a tsibirin Levant a 1931. A 1950 kuma Albert Lecocq da matarsa Christiane suka kafa ƙungiyar masu wannan ra'ayi ta ƙasa baki ɗaya. Sannu a hankali hujjar ta sauya, daga neman lafiya zuwa kiran kowa ya daina ƙyamar jikinsa.

Ciwon da suka hango gaskiya ne, domin matasa da yawa na tsanar surarsu saboda ƙiba, rama ko tabo. Sai dai wanda ya san jikinsa amanar Mahalicci ce, zai yarda da shi cikin suturarsa, ba sai idon jama'a ya shaida ba.

Allah Ya suturta mu.