Daga Durumin Maigarke zuwa Wusasa

A shekarar 1900 Turawa biyar na ƙungiyar mishan ta CMS suka doshi Kano ƙarƙashin jagorancin Bishop Tugwell. Sarki Alu bai ba su masauki ba, ya ce su koma inda suka fito. Suka juyo suka ya da zango a Girku, inda ɗayansu ya rasu. Cikin waɗanda suka rage akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya riga ya je Tarabulus ya koyi Hausa a bakin fatake da alhazai. Shi ne ya ƙi haƙura da ƙasar Hausa.

A 1905 Miller ya sami wuri a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Abin ya zo da ba-zata, domin Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa musu addini ba, kuma jami'an mulkin mallaka ba sa son ganin 'yan mishan a garuruwan Musulmi. Zaman bai yi daɗi ba. Miller mutum ne mai kaifin harshe, ya yi ta kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi wurin Turawa, sarki kuma yana kallonsa a matsayin mai shisshigi. In ana maganar yawan waɗanda wa'azinsa ya jawo a birni, ba su taka kara sun karya ba. Zage-zagi sun karɓi magani, sun riƙe addininsu.

Jama'ar da ya samu ta ɓullo ne daga inda bai yi tsammani ba. Tun a ƙarni na 19 an yi wani Malam Ibrahim a Kano wanda karatunsa ya kai shi ga fifita Annabi Isa, aka kashe shi, mabiyansa da ake kira Isawa suka watsu zuwa wajen Ningi da wasu ƙauyuka. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, da gonaki da majami'a da makaranta. Sai ƙudan tsando ya yi musu ɓarna, ciwon barci ya kwashe mutane da yawa, ƙauyen ya tashi. Yaran da suka tsira aka kawo su makarantar Zariya.

A nan ne, a ganina, ainihin aikin ya gudana, kuma ba a kan dandalin wa'azi ba. Yaro yana kwana a gidan mishan, ya tashi da addu'ar safe, ya koyi karatun boko da lissafi, da rana ya riƙe kwanon wanke gyambo a ɗakin magani. In ya girma sai a tura shi ƙauye ya zama malamin makaranta ranar aiki, mai bishara ranar Lahadi, mai ba da magani duk lokacin da aka buga masa ƙofa. Irin wannan almajirantarwa tana cin shekaru, ba ta kuma da armashi a rahoton da ake aika wa Landan, shi ya sa sunayen yawancin waɗannan malamai ba su shiga littattafai ba.

A 1929 mishan ta bar cikin ganuwa ta koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena. Aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa, da bakan-gizo da azara, aikin magina 'yan ƙasa, tana nan har yau. Asibitin St. Luke ya tashi a gefenta, marasa lafiya daga ƙauyukan kewaye, Musulmi da Kirista da Maguzawa, suka riƙa zuwa. Miller shi kuma ya duƙufa kan fassara tare da abokan aikinsa, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932.

'Ya'yan gidan ne suka sa aka san Wusasa. R. A. B. Dikko ya zama likita na farko ɗan Arewa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Ishaya Audu ya riƙe Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Yakubu Gowon ma a nan ya tashi. Mahaifinsa Angas ne daga ƙasar Filato, mai bishara da ya kawo iyalinsa Wusasa saboda aikin majami'a. Miller bai ga duka wannan ba, ya rasu a Bukuru a 1952.