Ƙofar Jazira

Na daɗe ina tsayawa a bakin gadar Ƙasrun Nil da yamma ina kallon tsibirin Jazira, inda ciyawa shar ta shimfiɗu a tsakiyar Alƙahira mai ƙura, kafin in san cewa wannan fili yana ɗauke da wani babi na tarihin Masar. A shekarar 1882, wato shekarar da sojojin Birtaniya suka mamaye ƙasar, aka kafa kulob ɗin wasanni a wurin domin hafsoshin Turawa da manyan jami'ansu. Suna sukuwar dawaki, suna buga folo da tanis da kurket. Ɗan ƙasa kuwa, in ba basarake ba ne ko na hannun damansu, iyakarsa ya shiga ya yi hidima ya fito.

Kada a ɗauka baƙi ne suka koya wa Misirawa wasa. A kaburburan Bani Hasan, waɗanda aka haƙa kusan shekaru 4,000 da suka wuce, akwai zanen ɗaruruwan 'yan kokawa, an shafa wa ɗaya launi mai duhu, ɗaya mai haske, domin mai kallo ya bambance wanda ya kama da wanda aka kama. Duk wanda ya taɓa zuwa dandalin kokawa bayan kaka zai gane wasu daga cikin dabarun nan take. Haka kuma wasan sanda da ake kira tahɗib, wanda mutanen Sa'id, wato kudancin ƙasar, suke yi da ganga da mizmari a bukukuwa har gobe, shi ma an samo shi a zane-zanen zamanin Fir'aunoni, kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. Abin da baƙi suka kawo shi ne kulob: fili mai katanga, da rajista, da mai gadi.

A ganina, daga wannan katanga ne tarihin wasannin zamani na Masar ya faro. A 1907 Umar Lutfi, wanda yake jagorantar ƙungiyar ɗaliban manyan makarantu, ya kawo shawarar a kafa kulob na 'yan ƙasa, aka raɗa masa suna Al-Ahli, ma'ana na ƙasa. Abin da yake ba ni dariya kullum shi ne shugabansa na farko Bature ne, Mitchell Innes, jami'i a ma'aikatar kuɗi, domin wanda yake son fili daga hannun hukuma sai ya nemi wanda hukumar take jin maganarsa. Bayan shekaru huɗu wani lauya ɗan Beljiyam, George Merzbach, ya kafa abokin hamayyarsa, wanda aka sani da Mukhtalaɗ, wato gauraye, saboda ya buɗe wa baƙi da 'yan gida. Daga baya ya ɗauki sunan Sarki Faruƙ, sai juyin mulkin 1952 ya mayar da shi Zamalek. Sunayen kaɗai sun isa su ba da labarin siyasar rabin ƙarni.

Ƙwallo ba ta daɗe a hannun masu ita ba. A 1928 Masar ta zo ta huɗu a wasannin Olamfik na Amsterdam, a 1934 kuma ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya, inda Hangari ta doke ta da ci 4 da 2, Abdurrahman Fauzi ya zura ƙwallayen biyu.

Sai dai labarin da ya fi taɓa ni na sukwash ne, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo a jikin bango cikin ɗaki rufaffe, wanda ba shi da ɗan kallo a titi. Amr Bey, jami'in diflomasiyya, ya lashe babbar gasar Birtaniya sau shida a jere a shekarun 1930. Bayansa Mahmud Karim, wanda ya koyi wasan a cikin Jazira ɗin nan, ya lashe ta sau huɗu kafin Hashim Khan na Pakistan ya karɓe a 1951. Daga baya abin ya yi sanyi na tsawon shekaru, har 1996, lokacin da aka kafa ɗakin gilashi a gaban dalar Giza, matashi Ahmad Barada ya kai wasan ƙarshe a idon duniya. Yaran da suka biyo bayansa su ne suka mamaye wasan daga baya, maza da mata, irin su Rami Ashur da Nur El Sherbini.

Amma katangar ba ta rushe ba, mai gadi kawai aka sauya. Jazira ta koma hannun Misirawa bayan 1952, aka yanki wani ɓangare aka mayar da shi cibiyar matasa, saura kuwa har yau sai mai katin shiga, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ma'aikaci. Baƙon yau yana hawan raƙumi a Giza, ko ya yi ninƙaya a Bahar Maliya, ko ya shiga kwalekwalen faluka da faɗuwar rana. Talakan Alƙahira kuwa kulob ɗinsa gidan shayi ne: kujerar katako a bakin titi, allon ɗawula, da talabijin da aka rataye a sama ranar da Ahli za ta kara da Zamalek. A irin wannan gidan shayi, kusa da masallacin Husaini, na fara kallon karawar tasu, mai shagon kuwa bai kawo mini shayina ba sai da aka tafi hutun rabin lokaci.