Kufan Hohokam da Labarin Al'ummar da Aka Ce Ta Ɓace

Duk wanda ya fara karatu kan kufan Hohokam da ke kudancin jihar Arizona a Amurka, tambaya ɗaya ce littattafai da gidajen tarihi suka daɗe suna tarbarsa da ita: ina waɗannan mutane suka shiga? An saba cewa manoman da suka rayu a kwarin kogunan Salt da Gila sama da shekara dubu sun ɓace wajajen 1450, suka bar gidajen ƙasa da tsingaro. Ra'ayin wannan maƙala shi ne tambayar kanta a karkace take. Abin da ya rushe a ƙarni na 15 tsarin mulki ne da na rabon ruwa, mutanen kuwa jikokinsu na zaune a bakin kogunan har yau. Labarin ɓacewa ya samo asali ne daga iyakar abin da tonon ƙasa ke iya nunawa, sannan ya yi tsawon rai saboda akwai waɗanda ya yi wa amfani.

Sai an san girman abin da suka gina kafin a gane dalilin da rushewarsa ta ruɗa masana. A hamadar Sonora ruwan sama bai isa noma ba, don haka suka haƙa magudanan ruwa na ɗaruruwan kilomita a inda birnin Finiks yake yanzu, ba ƙarfe, ba dabbar huɗa, sai sandar tono da fartanyar dutse da kwandon kwashe ƙasa. Wahalar aikin ma ba a haƙar take ba, a awon gangara take: in ta yi yawa ruwa ya zaizaye bakin magudana, in ta yi kaɗan laka ta kwanta ta toshe hanya. Ga yasa duk shekara, ga gyaran shingen itace da ke karkato ruwa daga kogi bayan kowace ambaliya, ga tsara wa ƙauyukan da ke kan magudana ɗaya ranar ban ruwansu. Da haka suka noma masara da wake da kabewa da auduga. Sun haƙa filayen wasan ƙwallo fiye da 200, sun sayo ƙararrawar tagulla daga yammacin Meziko da bawon katantanwa daga gaɓar teku. Maƙerin ado kan shafa ƙaro a bayan bawon ya zana ƙadangare ko kwaɗo, ya tsoma shi a ruwa mai tsami, wanda ake kyautata zaton na 'ya'yan icen saguwaro ne, tsamin ya cinye inda ba ƙaro, zanen ya fito a ɗage. A Casa Grande, wajajen 1350, sun tayar da gini mai hawa huɗu ba tare da tubali ba, cura kan cura, kaurin bangonsa a gindi ya haura mita ɗaya.

Sunan ma yana da hannu a ruɗanin. Daga kalmar Huhugam ta harshen O'odham, al'ummar da ke zaune a yankin har yau, aka samo shi, aka kuma riƙa fassara ta da waɗanda suka shuɗe ko suka ƙare. Amma a bakin masu harshen, magabata ake nufi, mutanen da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba wanda zai ce ba su bar baya ba. Masana kufai suka ɗauki kalmar suka laƙaba wa tarin kayan da suke samu tare: tukwane masu jan zane a kan fari-fari, filin ƙwallo, ƙona gawa. Wannan rabe-rabe yana da amfani wajen jera zamani, sai dai haɗarinsa a fili yake. Ranar da aka daina ƙera irin wannan tukunya, sai a rubuta cewa Hohokam ta ƙare, alhali salo ne ya sauya. Irin wannan tunani ya taɓa kai babban masani Emil Haury, wanda ya yi tono a kufan Hohokam na Snaketown a 1934 zuwa 1935 da kuma 1964 zuwa 1965, ga cewa baƙi ne daga Meziko suka kawo fasahar ban ruwa. Daga baya aka gano magudanan da suka haura shekara 3,000 a yankin Tucson, wato fasahar a nan ta tsiro. In an yi kuskure wajen neman farkonsu a wata ƙasa, ya kamata a yi taka-tsantsan wajen yanke hukunci kan ƙarshensu.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, ba kuma na wasa ba ne. Na farko, jama'a ta ragu ƙwarai, manyan garuruwa sun zama kango, kuma tsakanin 1450 da zuwan Turawan Sifen akwai giɓin kusan shekara 250 da ba a samu alamu masu yawa ba. Na biyu, lokacin da Fada Eusebio Kino ya isa Casa Grande a 1694 ya tarar da shi fayau, mutanen O'odham da ya gani kuwa a bukkokin itace da ciyawa suke, tukwanensu ba irin na da ba. Na uku, wanda ya fi nauyi, labarin baka na O'odham da kansa yana cewa Babban Wa, I'itoi, ya jagoranci rundunar da ta rusa manyan gidajen ta kawar da sarakunansu. Yaya wanda ya ce kakanninsa ne suka rusa gida zai ce shi ne magajin gidan?

Raguwar jama'a gaskiya ce, ambaliya da fari da gishirin da ke taruwa a gonar ban ruwa duk an kawo su a matsayin dalili, amma raguwa ba ƙarewa ba ce. Giɓin alamu kuma abin da za a yi tsammani ne: bukkar ciyawa a bakin kogi ba ta barin abin da bangon mita ɗaya ke bari, musamman inda ambaliya ke binnewa, garma ta zo daga baya ta kammala. Shi kuwa labarin I'itoi, in an karanta shi da kyau, hujja ce ga ɗorewa. Mutanen da ke riƙe da sunayen waɗannan gidaje da na sarakunansu, suna kuma ba da labarin faɗuwarsu gida bayan gida, ba baƙi ba ne da suka tarar da kufai. Labarin ya fi kama da tunawa da rikicin cikin gida, inda wani ɓangare ya tashi a kan masu iko da bakin magudana. Ba lallai ne a ce kowane Ba'o'odham daga Snaketown ya fito ba. Al'ummu na cuɗanya, al'ummomin Hopi da Zuni ma suna danganta wasu zuri'unsu da kudu. Abin da hujja ba ta goyi baya ba shi ne cewa ƙasar ta wayi gari ba mai ita.

A nan ne batun ya fita daga ɗakin karatu. A 1867 wani baƙo mai suna Jack Swilling ya fara yashe tsofaffin magudanan, garin da ya tashi, wato Finiks, aka sa masa sunan tsuntsun almara mai fitowa daga toka, sunan da ke cewa na da sun mutu, sababbi sun gaje su. A daidai wannan zamani wani reshen O'odham da ake kira Akimel O'odham suna noman rani a bakin Gila, suna sayar wa sojojin Amurka da matafiya zuwa Kalifoniya alkama. Cikin 'yan shekaru baƙin da suka zauna a saman kogi suka tare ruwan, gonaki suka bushe, yunwa ta shiga. Mai karkatar da ruwan wani ya fi samun natsuwa in an gaya masa cewa masu haƙa na asali sun ɓace. Sai a 1990 doka ta tilasta wa gidajen tarihi mayar da ƙasusuwan magabata ga zuri'arsu, a 2004 wata dokar ta tabbatar wa al'ummar Kogin Gila rabonta na ruwa, a 2023 kuma gidan tarihin Pueblo Grande da ke Finiks ya koma S'edav Va'aki da harshen O'odham. Snaketown an mayar da ƙasarsa bayan tonon ƙarshe, yana cikin yankin al'ummar, kuma sun zaɓi kada a buɗe shi ga 'yan yawon buɗe ido.