KURA DA SHAN BUGU: LABARIN AMIR MAHDI A KAN DUTSEN K2

Yau tarihi zan ɗan gutsuro mana, tarihin wani bawan Allah ɗan dako wanda ya rasa yatsun ƙafarsa duka goma domin waɗansu su yi suna a duniya.

Mu nan ƙasar Zamfara in ana zancen dutse, Kwatarkwashi ke fara faɗo mana a rai, wanda matafiyi ke hange in ya bar Gusau zai nufi Funtuwa. To dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419. Shi kuwa K2 da ke kan iyakar Pakistan da Sin mita 8,611 ne, wato ya ninka namu sau uku da rabi. Duk duniya Eberest kaɗai ya fi shi tsawo, amma masu hawa sun yi ittifaƙi K2 ya fi wuya, don ya miƙe tsaye, ga ƙanƙara mai santsi, ga iska mai tashi ba sallama. Wani Baturen safiyo mai suna Montgomerie ne ya hango shi a 1856 ya rubuta masa K2, wato dutse na biyu a jerin duwatsun Karakoram, sunan ya bi shi har yau. Idan mutum ya wuce mita 8,000, iskar da yake shaƙa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na wadda muke shaƙa a ƙasa, shi ya sa ake hawa da tukwanen iska a goye.

Tafiyar irin wannan dutse kamar ayarin fatakenmu na da ce masu zuwa Gwanja sayen goro. Akwai madugu, akwai jagaba, akwai 'yan alaro masu ɗaukar kaya, kuma zango-zango ake yi. A shekarar 1954 ƙasar Italiya ta tashi nata ayarin, madugunsu wani farfesa ne Ardito Desio. Suka ɗebi 'yan dako wajen 500 daga yankin Skardu, aka yi kwana da kwanaki ana tafiya a ƙasa bisa kogin ƙanƙara na Baltoro kafin ma a isa gindin dutsen. Tun a watan Yuni ɗaya daga cikinsu, Mario Puchoz, ya mutu da ciwon huhu.

A cikin 'yan dakon sama akwai Amir Mahdi, mutumin Hunza, wanda ya riga ya yi suna. Shekara guda kafin nan, a 1953, shi da Haji Baig ne suka riƙa goyo Hermann Buhl mutumin Ostiriya suna sauko da shi daga dutsen Nanga Parbat bayan sanyi ya ci masa ƙafa. Saboda haka Italiyawa sun san ƙarfinsa.

Ranar 30 ga Yuli, mutum biyu da aka zaɓa su kai ƙololuwa, Achille Compagnoni da Lino Lacedelli, suka wuce gaba don kafa zangon ƙarshe, zango na tara. Aka ɗora wa wani saurayi ɗan shekara 24, Walter Bonatti, da Amir Mahdi aikin kai masu tukwanen iska, kowane goyo kusan kilo 19. An kwaɗaita wa Mahdi cewa shi ma yana iya samun damar taka ƙololuwar dutsen ƙasarsu. Suka yi ta hawa har suka iso inda aka yi alkawari, wayam, babu tanti. Ashe mutanen nan sun matsar da shi can sama, bayan waɗansu duwatsu masu wuyar ratsawa. Rana ta faɗi, duhu ya rufe. Da suka yi ta kira, amsar da ta zo daga sama ita ce su ajiye tukwanen su sauka. Sauka ina, cikin wannan dare?

Haka bayin Allah nan suka haƙa ɗan gurbi cikin ƙanƙara suka zauna, a tsawon kusan mita 8,100, ba tanti ba bargo, iska na kaɗa su har gari ya waye. Bonatti yana da takalman hawa na sosai. Shi ko Mahdi takalman soja aka ba shi, kuma sun yi masa kaɗan. Da asuba ya gangaro cikin fitar hayyaci, Bonatti ya biyo baya. Su Compagnoni suka sauko suka ɗauki tukwanen da aka bar masu, da yammacin 31 ga Yuli 1954 suka zama mutanen farko da suka taka ƙololuwar K2.

Italiya ta ɗauki murna, aka yi ta raba lambobin girma. Mahdi kuwa asibitin soja na Rawalpindi aka kai shi, aka yanke masa yatsun ƙafa gaba ɗaya, ya yi wata takwas a kwance. Ya koma ƙauyensu Hasanabad, bai sake hawa dutse ba. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Abin bai tsaya nan ba. A 1964 wata jarida a Italiya ta buga cewa wai Bonatti ne ya so ya riga su kaiwa, ya zuƙe iskar tukwanen cikin dare, ya kuma gudu ya bar Mahdi. Bonatti ya kai ƙara kotu ya ci nasara. Ai ko da hankali ma, abin rufe hanci da ake shaƙar iskar da shi yana hannun su Compagnoni, to da me zai zuƙa? Duk da haka labarin hukuma bai sauya ba sai da aka shekara hamsin. A 2004 Lacedelli da kansa ya fito cikin wani littafi ya ce da gangan aka matsar da zangon, don gudun kada Bonatti mai ƙuruciya da ƙarfi ya shiga cikin masu kaiwa ƙololuwa. A 2007 ƙungiyar masu hawan dutse ta Italiya ta amince da maganar Bonatti a rubuce. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Sai dai Amir Mahdi ya riga ya rasu tun 1999, bai ji wannan rana ba.

Abin da ya tsaya mani a rai ke nan. Bonatti yana da alƙalami, yana da lauya, yana da jaridun da za su saurare shi, kuma duk da haka sai da ya kwashe shekara hamsin yana neman gaskiyarsa. To ina ga wanda bai da ko ɗaya? Rigimar duka a kan mutuncin Turawa uku aka yi ta, mai yatsun da aka yanke sai dai a ambace shi a matsayin shaida.

Mu mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba baƙin wannan darasi ba ne. Tambayi kowa wa ya gina dam ɗin Bakolori da aka gama a 1978, zai ce maka Turawan Italiya na kamfanin Impresit. To leburorin da suka kwaɓa siminti fa? Manoman da ruwa ya cinye gonakinsu, waɗanda aka buɗe wa wuta a watan Afrilu 1980 suna neman diyya, mutum nawa ke iya jero sunayensu yau in ba danginsu ba?

A K2 ma halin bai gushe ba. A watan Yuli 2023 wani ɗan dako Muhammad Hassan, mai 'ya'ya uku, ya faɗi a wata matsattsar hanya kusa da ƙololuwa, ya cika a wurin, aka kuma ga hoton masu hawa suna tsallake shi suna wucewa, abin da ya tayar da ƙura a duniya. Amma akwai abin daɗi. Ranar 16 ga Janairu 2021 mutum goma 'yan Nepal, jinsin waɗanda aka saba ɗauka dako da jagoranci, suka zama na farko da suka hau K2 a tsakiyar hunturu, abin da ya gagari Turawa shekaru da dama. Da suka kusa kaiwa sai suka jira juna, suka taka ƙololuwar tare don kada a ce wane ne ya riga.

'Yar uwa, ke ma kina da naki Amir Mahdin. Yarinyar da ke miki wanke-wanke, almajirin da ke ɗebo miki ruwa, mai turin kura da ya kawo kayan ɗakinki ran biki. In baƙi sun yaba gida, ki tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki biya su hakkinsu a kan kari, ki dubi takalmin da ke ƙafarsu in sanyi ya sauko, ki kira su da sunansu. Allah Ya jiƙan Amir Mahdi, Ya tsare mu da cin gumin wani, amin.